Jimlolin Masu Wanki

Ɗakin wankin asibitin yana can ƙarƙashin bene, bayan kicin, inda ba mai sauka sai wanda aiki ya kai. Manyan injuna ne jere a jikin bango, da dogon teburin guga a tsakiya, da wata 'yar taga can sama wadda ba a hango komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. A nan matar da kowa ke kira Yaya ta ƙarar da ƙuruciyarta. Ta fara aikin da goyo a baya, yanzu goyon ta yi aure har ta haihu, amma har yau a takardun asibitin Yaya ma'aikaciyar wucin gadi ce.

Abin bai taɓa hana ta barci ba, don katin da ke rataye a wuyanta yana yi mata abin da ta fi buƙata. Da shi ake ganin mijinta a sashen gashin ƙashi kowace Talata, tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba don katin ba, ko ƙofar sashen ba za su iya tunkara ba. Da aka fara kai shi, hannun kamar tsumma yake. Yanzu yatsun sun soma motsi, ƙafar kuma tana ɗaukarsa daga gado zuwa bakin ƙofa idan an tallafe shi.

Sai aka yi sababbin shugabanni, aka liƙa sanarwa a bakin matattakala. Dogo, mai kula da injuna, shi ya fi sauran masu wankin saurin karatu, don haka shi ya tsaya ya fassara musu. Duk ma'aikacin wucin gadi zai zauna jarrabawar Turanci. Wanda ya ci za a tabbatar da shi, wanda ya faɗi za a karɓi katinsa. A ƙasan sanarwar an jera kalmomin da za a zaɓo tambayoyi daga cikinsu. Kowace kalma za ka sa ta a jimla, sannan ka faɗi ko wace iri ce, suna ce ko aikatau ko sifa.

Baba Mai-Guga, tsohon da ya riga kowa zuwa wurin, ya ajiye dutsen gugarsa a tsaye ya ce, "Dogo, duba da kyau. Zanin gado ne ya kai ƙara cewa ba ya jin abin da muke faɗa masa?"

"Ba su rubuta ba, Baba."

"To matashin kai ne. Dama na ga take-takensa."

Amarya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita ma sunan ne kawai ya bi ta, 'ya'yanta sun kai makarantar sakandare. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta yi ajin manya shekarun baya, tana iya haɗa baƙaƙe, tana rubuta sunanta ba kuskure, ta san Turancin sabulu da bargo da lambar ɗaki. Amma jimla, wannan wata duniya ce.

Ranar hutunta ta tafi gidan ƙanenta, autan gidansu, wanda ke koyarwa a firamare. Ita ta yi renonsa bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya sa duk furfurar da ta fara fito masa, Auta take kiransa. Ya shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ya ɗauko alli da wani guntun allo na 'ya'yansa.

"Abin ba wuya, Yaya. Duk abin da za ki iya kiransa, suna ne. Duk abin da ake yi, aikatau ne. Abin da ke faɗin yadda abu yake, sifa."

"To wanki fa?"

"Wanki kuma?"

"Ai yin sa nake yi. Kuma in aka tambaye ni sunan aikina, shi zan faɗa."

Auta ya sosa ƙeya, ya ce ya danganta da inda kalmar ta zauna. Yaya ta ce ita dai a tsaye take yin nata. Ya sake bi da ita ta wata hanya, ya zana, ya goge, ya sake zanawa, har matarsa ta leƙo ta ce abinci zai huce. Duk abin da ya faɗa Yaya tana jin sa, amma yana kai ƙarshe sai farkon ya zube. Da ya ga rana tana tafiya, sai ya ce bari su bi ta inda za ta riƙe. Ya ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowace jimla daga rayuwarta, don kada ta manta. Kalmar miji ta samu jimlar da ke cewa mijina ba shi da lafiya. Kalmar ɗauka ta samu ina ɗaukar mijina zuwa asibiti kowace Talata. Akwai mai cewa 'yata ta haifi namiji, da mai cewa gwiwata ta hagu tana ciwo. Ya rubuta su da manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙarƙashin kowace kalma, ya sa irinta a gefe.

Da zai raka ta bakin titi ya ce, "Waɗannan misali ne fa, Yaya. Ki duba yadda aka gina su, sai ki riƙa gina naki."

Ta ce to. Hankalinta yana kan motar da ke tahowa.

A ɗakin wanki ba a naɗe zanin gado mutum ɗaya. Zanin ya fi ƙarfin hannu biyu, dole wani ya kama wancan bakin, ku ja, ku kaɗe, ku tako ku haɗu a tsakiya, ɗaya ya miƙa wa ɗaya kusurwoyi. Haka suke komai a wurin. Wanda ya zo da abinci, na kowa ne. Wanda ya makara, sai a ce ya hau sama karɓo kaya. Saboda haka ko kusa bai zo wa Yaya a rai ba cewa ta ɓoye abin da ta samo. Amarya ba ta da mai koya mata, Baba Mai-Guga 'ya'yansa duk sun yi nisa, Dogo kuwa karatun yake iyawa, in aka ce ya rubuta nasa sai ya tsaya yana kallon silin. Sauran ma haka.

Dabarar naɗi ce ta zo musu da kanta. Idan aka kaɗe zani, na wannan bakin ya kira kalma. Suna takowa, na wancan bakin ya kawo jimlarta. Wajen miƙa kusurwa, su haɗa baki su faɗi irinta. Zanin gado ba ya ƙarewa a asibiti, don haka darasi ma bai ƙare ba. Lokacin hutun rana kowa ya nemi bayan kwalin sabulu yana kwafa, yana gogewa, har hannu ya saba. Masu kicin suka riƙa leƙowa suna cewa an buɗe jami'a a ƙarƙashin ƙasa.

Ranar da jimlar miji ta faɗo kan Dogo, ya faɗe ta da muryarsa mai kauri kamar ta injin, Amarya ta saki bakin zaninta.

"Dogo, yaushe aka ɗaura ba mu ji ba? Ko gayyata babu?"

"Ke dai ki yi masa addu'a, kin ji ba shi da lafiya."

"Allah ya ba shi lafiya, ya ba shi haƙurin zama da kai."

Da dariya ta lafa, Dogo ya juyo ya ce, "Amma Yaya, tsakani da Allah, ba na sauya ta in ce matata ba? Na san kalmar."

Yaya ta ɗan yi tunani. Ta tuna yadda Auta ya ce komai ya danganta da inda kalma ta zauna, ta kuma san ita ba ta san inda kowace ke zama ba. Ta ce, "Kada ka taɓa. Malami ne ya gina ta. Ka zare bulo ɗaya, ka san abin da zai rufto maka? Su Turanci suke nema, ba tarihin gidanka ba."

Baba Mai-Guga ya ce gaskiya ne, shi ma a bar masa gwiwarsa ta hagu yadda take, ko da yake ta dama ce ke damunsa.

An yi jarrabawar da safe a ɗakin cin abincin ma'aikata. An raba tebura nesa da juna, masu wanki sun warwatsu cikin masu shara da masu tura marasa lafiya da 'yan kicin. Da Yaya ta buɗe takarda ta ga kalmomin nan tsaye kamar 'yan unguwarsu, sai ta ji kafaɗunta sun sauka. Kowace ta duba, sai ta ji muryar mai kiranta daga wancan bakin zani, jimlar ta biyo baya da kanta. Ta rubuta a hankali, tana danna biro, ta ja layukan cikin ruwan sanyi. Da suka fito, Amarya ta rungume ta a matattakala. A ranar har ta tsaya a hanya ta sayo wa maigidan lemo.

Ba a yi mako ba aka aiko cewa duk masu wanki su hau ofishin kula da ma'aikata. Suka hau da rigunan aikinsu, hannuwa suna warin sabulu, suka jeru a jikin bango don kujerun ba su isa ba. Jami'ar yarinya ce, ba za ta girmi 'yar Yaya da yawa ba, da tabarau da muryar da ba ta ɗagawa. Ta baza takardunsu a kan tebur gefe da gefe.

"Sannunku da aiki. Ina so in tambaya, a cikinku wa ke da miji mara lafiya?"

Yaya ta ɗaga hannu. "Ni ce, ranki ya daɗe."

"Allah ya ba shi sauƙi, Mama. 'Yar da ta haifi namiji fa?"

"Tawa ce."

"Gwiwa?"

Yaya ta sauke hannun a hankali. Jami'ar ta taɓa takardun ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. "To ga shi Baba ma yana da miji. Wannan bawan Allah mai tsawo ma yana da miji, kuma shi ma Talata yake kawo shi. Dukkanku gwiwar hagu. Ko waƙafi bai bambanta ba."

Ba wanda ya yi dariya, har Amarya. Jami'ar ta ce masu duba takardu sun rubuta cewa satar amsa ce, rahoton kuma ya riga ya kai sama.

Yaya ta daure ta yi bayani. Ta faɗi zuwanta gidan Auta, ta faɗi yadda ake naɗe zani, har tana nunawa da hannu, tana takowa gaba kamar akwai wani a wancan bakin. Ta ce ba wanda ya leƙa takardar wani, ai an raba su, ita ma tsakanin wani mai shara da wata 'yar kicin ta zauna. Jami'ar ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta duba wata takarda, ta kira kalma ɗaya a hankali, kamar mai gwada makulli.

Ba su yi shawara ba. Bakunansu ne suka buɗe tare, jimlar ta fito da murya ɗaya, da irin kalmar a ƙarshe, har da ɗan tsayawar da suke yi wajen miƙa kusurwa. Wani ma'aikaci da ke wucewa ya tsaya ya leƙo.

Jami'ar ta cire tabarau ta murza idanu.

"Na yarda ba a ɗakin jarrabawa aka yi ba," in ji ta. "Amma abin da kwamiti ya yanke shi ne, wanda ya raba amsoshin a sallame shi, sauran su sake zama. Kuma wannan karon ba za a faɗi kalmomin ba." Ta dubi Yaya. "Mama, ba sai na tambayi wanda ya raba ba. Takardun sun faɗa."

Baba Mai-Guga ya gyara murya. "'Yata, ita fa taimako ta yi. Mu muka roƙe ta."

"Na sani, Baba. Ba ni na yanke ba."

Ta mayar da tabaraun, ta jawo farar takarda. Ta ce akwai abu ɗaya da za ta iya gwadawa. Idan Yaya ta yi mata jimla ɗaya tak, tata ta kanta, a nan take, za ta rubuta wa kwamiti cewa matar nan ta iya, hanyar karatun ce kawai ta kuskure, ko za su sassauta. Ba ta yi alkawari ba, amma za ta rubuta. Ta ce ba za ta ba ta mai wuya ba. Ta ba ta kalmar ruwa.

Yaya ta san kalmar. Tana jikin kowane famfo a ɗakin wanki, tana jikin injuna, ta fi shekara nawa tana ganinta. Ta faɗe ta sau ɗaya a fili, daidai. Sai ta jira abin da zai biyo baya, kamar yadda ya saba biyowa, amma ba abin da ya zo. Kalmar ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar kanta, ba kowa a gabanta, ba kowa a bayanta. Ta lalubo cikin jimlolin Auta ko akwai wadda za ta buɗe ta saka ta, sai ta tarar duk a rufe suke, ba ta san ta inda ake shiga ba. Ta san ruwa yana da zafi, yana da sanyi, yana ɗaukewa ana tsakiyar aiki, ta san duk wannan da harshenta. Ta sake faɗin kalmar. Fankar silin tana juyawa.

Dogo ya sunkuyar da kai ya raɗa wani abu ta gefen baki. A ɗakin da ya yi tsit haka, kowa ya ji.

Jami'ar ta dube shi, ta dubi Yaya, ta ajiye biron a kan farar takardar. "Shi ke nan, Mama. Ki yi haƙuri." Ta ce katin zai yi aiki har ƙarshen wata, daga nan a miƙa shi a ofishin tsaro.

Suka sauka ɗakin wanki. Injin ya gama zagayensa tun suna sama, kaya suna jiƙe a ciki. Dogo ya buɗe ya fara kwasowa, bai yarda sun haɗa ido da Yaya ba. Amarya ta zauna a kan kwandon kaya ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai magana da kanta, da an bar kowa da jahilcinsa wataƙila da wani ya lallaɓa ya tsira. Baba Mai-Guga ya ce ta yi shiru. Ta ce ai ba ƙarya ta yi ba, yanzu ga shi za a kawo kalmomin da ko a mafarki ba su gani ba.

"Yaya," in ji tsohon, yana warware wayar dutsen guga, "kada ki ɗauka kin tafi kin bar mu. Riga mu kawai kika yi. Ki share mana wuri a waje."

Da yamma ta kira Auta ta gaya masa. Ya yi salati, sannan ya ce, "Amma Yaya, ai na ce miki misali ne." Ta ce ya faɗa. Ya ce zai nemi wani da ya san wani a asibitin. Ta ce to, Allah ya yi albarka. Su biyun sun san ba shi da kowa.

Maigidan ba ta gaya masa ba. Tun da ciwon ya same shi magana take yi masa nauyi, in abu ya dame shi sai bakin ya ƙara karkacewa, ya kwana yana kokawa da kalma ɗaya. Ta ce a ranta sai ta samu lokacin da ya dace, lokacin kuma bai zo ba har Talatar ƙarshe ta watan ta iso.

Ta kai shi da wuri. Likitan gashin mutum ne mai fara'a, kullum a gaggauce, yana kiran maigidan Babana. Ya kwantar da shi, ya sa masa na'urar da ke sa tsoka rawa, sannan ya kama hannun yana lanƙwasawa, yana miƙewa, yana juya wuyan hannun ta wata hanya da Yaya ta sha gani amma ba ta taɓa lura da kyau ba. Yau ta matso har gwiwarta tana taɓa gadon. Tana kallon inda yake sa babban yatsa, da inda yake tsayawa, amma hannunsa ya fi idonta sauri.

"Babana, ka ga yadda kake matse ni? Saura kaɗan ka fara karya min yatsu. Wata biyu nan gaba in muka dage, da kanka za ka sa maɓallin riga."

Maigidan ya yi murmushinsa na ɓari ɗaya, ya juyo da ido yana neman Yaya don ta ji.

Da likitan ya juya zai wanke hannu, ta bi shi. "Likita, don Allah ko za ka nuna min yadda ake yi? Wannan juyawar. In riƙa yi masa a gida."

"A'a, Mama, wannan ba a yin sa da ka. In kika juya ba daidai ba sai ki ɓata mana aikin wata shida." Ya duba layin da ke jira a kan benci, ya yafito na gaba. "Yau kin ga jama'a. Ki tuna min mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai in zauna in nuna miki a tsanake."

Ta buɗe baki, sai ta ga maigidan yana kallonta daga kan gadon, yana ƙoƙarin zuro ƙafarsa ƙasa shi kaɗai. Ta rufe bakin. Ta je ta durƙusa ta sa masa takalmi, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa, suka miƙe tare. A bakin ƙofa ma'aikaciyar da ke rubuta ranar dawowa ta ɗago kai ta ce, "Talata ko, Mama? Ƙarfe nawa zan sa muku?"

Maigidan ne ya amsa. Ya daɗe yana haɗa kalmar, ya fito da ita daidai, yana jin daɗin kansa. Ya ce da safe.